Foldar Tsohon Aiki

6 ga Fabrairu

'Yata Tawada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar uwargidana Inna da ke yi mata gardama idan za ta hau bene, da kunnen nan nawa da kika sani. Ranar da kika bugo waya rabin maganarki ban ji ba, "to, to" kawai nake ta ce miki. Shi ya sa na koma wa takarda.

Ga dalilin wasiƙar. Za a faɗaɗa titi. An zo an shafa jan fenti a bangon shagunan layinmu, har da namu, an ce mu kwashe kafin ƙarshen Mayu. Shekara talatin da huɗu ina buga wa mutane takardu a ɗakin nan, sha ɗaya daga ciki tare da mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta. Na fara kwashe kaya. A ƙarƙashin teburinta na tarar da tsohuwar kwamfutar nan mai ƙaton ƙeya, da kwalin faya-fayai. Na jona ta, ta yi tari, ta tashi. Sati guda na yi ina kwashe abin da ke cikinta da na faya-fayan zuwa sabuwar tawa. Fayil ɗari huɗu da sha takwas ne. Na zuba su a folda ɗaya, na sa mata suna Tsohon Aiki.

To, sun ƙi karantuwa. Wasu ba sa buɗewa sam, waɗanda suka buɗe kuma haruffa masu ƙugiya duk sun lalace. A lokacinmu kwamfuta ba ta san su ba, sai wani mai ɗab'i ya ba mu salon haruffa da ke mayar da wasu alamomi su zama ƙ da ɗ da ɓ. Yanzu salon ya tafi, alamomin sun fito tsirara. Inda aka rubuta ƙasa sai in ga }asa, ɗaki kuma ]aki. Idona ba ya jure shafi guda.

Na san mahaifiyarki tana buga abubuwan kanta idan babu masu kawo aiki. Suna nan a ciki. Amma sun cakuɗe da wasiƙun mutane, kuma sunayen fayilolin ba sa nuna na wane ne. Kada ki ce in aiko miki su gaba ɗaya. Akwai wanda ya zauna a bencin nan ya faɗa mana abin da bai faɗa wa matarsa ba. Ni zan tace da kaina. Ke kuma an ce aikinki ke nan, rubuta wa kwamfuta abin da za ta yi. Akwai dabara?

Idan za ki amsa, ki rubuto da hannunki. Na gaji da ganin bugun inji.

Kawunki

21 ga Fabrairu

Kawu,

Wa'alaikumus salam. Na samu wasiƙarka, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa ko jaka ban ajiye ba. A gaishe min da Inna, a ce ta daina hawa benen nan sau goma a rana. Ni lafiyata ƙalau.

Jan fenti a bangon shagonmu! Tun da na karanta nake jin ƙanshin wurin, takarda mai ɗumi da man inji. Na tuna ranar da na ciro zaren tafiretarka na naɗe shi a hannu, na fito baƙi ƙirin har goshi, kai da Umma kuna dariya har ta riƙe ciki. Sunan da ka laƙa min ranar har yau Yaya bai san wani ba. Ina 'yar shekara tara ta rasu, Kawu. Muryarta ta fara gudu daga kaina. Idan akwai ko layi ɗaya da ta rubuta, ina so.

Na yarda da sharaɗinka, ba zan ga na kowa ba. Na rubuta 'yar ƙaramar manhaja, na sa mata suna kugiya. Tana ciro rubutun daga tsohon fayil, ta gyara haruffan, ta ajiye sabon kwafi, ba ta taɓa na asali. Ba ta da hoto ko wurin dannawa, a baƙar taga ake ba ta umarni, irin yadda kuke yi a da. Tana cikin filashin da ke cikin ambulan. Kala uku na yi, domin kowace kwamfuta da irin abin da take ci: ta Linux irin tawa, ta Windows irin taka, da ta Mac irin ta Yaya, ko da za ka neme shi. Ka ɗauki wadda ke foldar Windows kawai.

Ka yi sabuwar folda, ka kwafa manhajar a ciki. Ka buɗe baƙar taga, wato ka rubuta cmd a wurin bincike. Sai ka rubuta wannan, ka danna Enta:

$ kugiya Tsohon Aiki

A wurina ta yi aiki lafiya lau da 'yan fayilolin gwaji da na ƙirƙira. Sai na ji daga gare ka.

'Yarka, Tawada

9 ga Maris

Tawada,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Inna ta ce benen gidanta ne, ba naki ba.

Saƙo ya iso. Da baƙar tagar nan ta buɗe, sai da na cire tabarau na goge. Shekara ashirin rabona da ita. Ga ɗan farin layin nan yana ƙyaftawa yana jirana, kamar ban taɓa tafiya ba. A kanta muka koya, ni da mahaifiyarki, da wani littafi da bangonsa ya cire. Ita ce ke karanto umarni, ni ina bugawa, idan na yi kuskure ta ce, "Yaya, yatsunka sun fi kanka sauri." Ita kuwa sau ɗaya take ganin abu ta riƙe.

Amma 'yar manhajar taki ba ta san ni ba. Na buga layin yadda kika rubuta, harafi da harafi, tun daga alamar dala. Taga ta ce ba ta san wani umarni mai wannan suna ba. Na sake sau huɗu. Mai gyaran agogo na kusa da mu ya leƙo, ya ce wataƙila sai an biya dalar tukuna. Na kore shi. Washegari na yi tunani na cire alamar, na fara daga kugiya. Amsa ɗaya: ba ta san shi ba. Ga manhajar ina kallonta a foldarta, ga taga tana rantsuwa ba ta taɓa jin sunanta ba.

An fara rushe layin da ke bayanmu. Ƙarar tana zuwa har nan, ni da ba na ji ma ina jin ta a ƙafafuna. Na sayar da benci da kabad ɗaya. Ki duba min inda na kauce.

Kawunki

20 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da gajeriyar wasiƙa, aiki ya taso mana, a lokacin cin abinci nake rubutawa.

Ba kai ka kauce ba, ni ce. Alamar dala a tagar kwamfutata take fitowa da kanta, na saba ganinta har na kwafo ta. Ba a bugawa. Na biyu kuma, taga ba ta duba ko'ina da ko'ina, tana da jerin wuraren da take leƙawa idan an kira suna, foldarka kuma ba ta cikin jerin. Hanya mafi sauƙi: ka shiga foldar manhajar tukuna da umarnin cd, wannan ka san shi, sannan ka kira ta. Na uku, sunan foldarka kalma biyu ne da fili a tsakani, taga za ta ɗauka abu biyu ne. Sai ka sa cikakken adireshin foldar tsakanin alamun zance.

Na kuma ari kwamfuta irin taka a ofis na gwada, na ga abin kunya. Ko da ka yi komai daidai, ta farkon da ta tsaya a fayil na farko. Na gyara, sabuwa tana cikin wannan filashin. Na rubuta matakan da manyan haruffa a takarda daban.

Tawada

Na manta: tsohon kuwa ka goge shi kawai, ba na buƙatarsa. Tarkace ne cike da kurakurai, ajiye shi ba zai amfani kowa ba.

2 ga Afrilu

Tawada,

Muna lafiya. Na ga saƙonki har da na ƙasan takarda.

Gaskiya ne akwai kurakurai a ciki. Da hannu muka buga, mutane na tsaye a kanmu, wuta na ɗaukewa. Ban san kin ɗauke shi tarkace ba, da ban ɗora miki wahala ba, ga aiki ya yi miki yawa. Ban goge ba, hannuna ya ƙi. Na mayar da faya-fayan kwalinsu. Filashinki yana nan a aljihun tebur, duk mai zuwa wajenku zan ba shi.

Allah ya yi miki albarka.

Kawu

11 ga Afrilu

Kawu, Kawu,

Don Allah ka karanta wannan har ƙarshe. Ina fatan kana lafiya, ni dai tun jiya ba ni da sukuni.

Filashi nake nufi! Tsohon filashin da na fara aikowa, da manhajar farko mai kurakurai. Kurakuraina ne, ba naku ba. Na karanta wasiƙarka sau uku ban gane me na yi ba, sai da na tuna sunan foldarka, na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Ni zan kira rubutun Umma tarkace? Ni da nake ajiye da takardar asibiti guda ɗaya don kawai akwai sa hannunta a ƙasa?

Na buga maka waya sau shida ba ka ɗauka ba. Na san ba ka jin ƙararta, amma zuciyata tana ce min gani kake yi kana ƙyalewa. Kada ka ba kowa kwamfutar nan ko kwalin. Ka yafe min gaggawar rubutu.

'Yarka

29 ga Afrilu

Kawu,

Kwana goma sha takwas babu amsa. Ban sani ba ko wasiƙata ta iso. Na kira Inna, ta ce kana fita shago da safe ka dawo da yamma ba ka cewa komai, kuma ka hana a yi maka maganar kwamfuta. Saura wata guda a rushe. Na nemi hutu an ce sai Yuli. Na gaya wa Yaya komai, ya ce zai zo ranar da ba shi da aiki a asibiti. Idan ka ga dama ka yi min faɗa, amma ka yi da takarda.

Tawada

7 ga Mayu

Tawada,

Yayanki ne. Kin san ni da rubutu, amma Kawu ya ce idan labarinsa ne to a takarda za a ba da shi, kuma yana zaune yana kallona. Kowa lafiya. Yara suna gaishe ki.

Wasiƙunki biyu ba su ɓata ba. Mai kawo wasiƙu ya ga an rushe rabin layin, ya ɗauka an tashi, ya bar su wurin mai gyaran agogo, shi kuma ya sa su a ƙarƙashin wani agogon bango ya manta. Jiya da na zo muka tono su. Kawu ya karanta ta farko a tsaye, ya zauna, ya sake karantawa. Sai ya ce, "Yarinyar nan ba ta iya rubuta wasiƙa ba. Ana cewa tsohon me." Daga nan ya shiga bayan kabad ya daɗe yana neman abin da ban ga ya fito da shi ba.

Kafin in taho na gwada abin naki a kwamfutata yadda kika ce, don in san hanya. Ta ce ba ni da izini. Kwamfutar da na saya da kaina! Sai da na buga layin chmod ɗin nan na ba da izini da kika turo min. Sannan ta ce ba ta san wanda ya rubuta manhajar ba, in tabbatar na yarda da shi. Na ce na san ta, tun tana cin zaren tafireta. Na shiga saituna na ba ta dama, ta gyara fayil ɗin gwajin. Na taho ina jin kaina injiniya.

Ashe ta Kawu daban take. Duk abin da na haddace bai yi amfani ba, har karkatar 'yar sandar da ke raba sunayen folda ba iri ɗaya ba ce, tawa gaba take kallo, tasa baya. Na ce ya kawo fayilolin mu yi a tawa, minti biyu an gama. Ya kalle ni kamar na ce ya ba ni makullin gidan mutane. Ƙarshe dai ga yadda aka yi: ya juya min kujera na fuskanci ƙofa, bayana ga allo, ina karanto masa takardarki, shi yana bugawa. Na ce, "Alamar zance." Ya ce, "Na sa." Na ce, "A rufe ta a ƙarshe." Ya ce, "Kai, kafin a haife ka nake rufe alamar zance." Na ji ƙarar Enta. Na ce, "Kawu, ya ƙi ne?" Ya ce, "Kada ka juyo." Can ya ce, "Suna ta wucewa. Tana ƙirga su."

Ɗari huɗu da sha ɗaya suka gyaru, bakwai sun lalace tun a faifai. Ya buɗe ɗaya ya ce ƙugiyoyi sun dawo wurinsu. Sannan ya sallame ni, wai in je in taya Inna hira, yana da karatu.

Shagon ya zama fili, Tawada. Tebur biyu ne kawai da kabad ɗaya da firinta. Ban san ƙarami ba ne haka.

Yayanki

16 ga Mayu

'Yata Tawada,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ni ne da neman yafiya. Na san ki tun kina cikin zani, bai kamata layi ɗaya ya sa in yi miki wannan zaton ba. Tsufa ne da ƙarar rushe-rushen nan, sun sa zuciyata ta yi kusa.

Kwana takwas na yi ina tacewa. Layin farko kawai nake dubawa, idan na ga na wani ne in rufe. Duk da haka na ga mutane da yawa da suka riga mu gidan gaskiya. Na mahaifiyarki ashirin da shida ne.

Yawancinsu ƙanana ne. Akwai jerin ranakun da aka yi muku allura. Akwai wasiƙar da ta rubuta wa malamin yayanki a kan wani yaro da ke ƙwace masa fensir, mai zafi ce, ban san ko ta kai ba. Akwai shafi guda a kanki kina shekara shida. Ta ce kin zauna a kan tafiretar da ta lalace kina buga wa kyanwar layin takardar neman aiki, kin tambaye ta ko kyanwa tana da sunan uba. Na yi dariya ni kaɗai a shago har mai agogo ya leƙo.

Sauran takwas ɗin su ne suka sa na yi kwana biyu ban rubuto ba. Na yi tunanin in ce miki suna cikin waɗanda suka lalace. Ba za ki taɓa sani ba. Amma ba nawa ba ne da zan ɓoye.

Bakwai daga ciki takardar neman shiga makaranta ce, kwas na shekara biyu na koyon rubuta manhajar kwamfuta, a wata kwaleji mai nisa. Sau bakwai ta sake rubuta ta cikin wata uku, kowace ta fi ta baya. A ciki ta ce ita ta koya wa kanta duk abin da ta sani daga littafi ɗaya, kuma tana so ta san abin da ke bayan baƙar tagar. Ta tsara har inda za ku yi makaranta ku biyu idan ta tafi da ku. Ta takwas gajeriya ce. Tana godiya da gurbin da aka ba ta, tana ba da haƙuri ba za ta samu zuwa ba a bana, domin ɗan'uwanta da suke aiki tare ya samu rauni, babu mai riƙe masa shago. Ta roƙi a ajiye mata zuwa baɗi idan ana yi.

Na duba kwanan watan. Sati uku ne bayan na faɗi a babur na karya hannun dama. Wata biyar ta yi tana buga aikina da nata. Ina zaune a gefenta da hannu a rataye ina ba ta labarin banza, ita kuma ta buga wannan takarda a gabana, wataƙila ina kallon bayanta. Ba ta taɓa ce min ta nema ba, balle an ɗauke ta. Baɗin da ta ce, ciwonta ya fara. Ban ga wata takarda bayan wannan ba.

Tun ranar nake tambayar kaina, da ta faɗa min, da na ce ta tafi? Ina so in ce eh. Amma na san mutumin da nake a lokacin, da tsoron da nake ji na rasa shagon. Ina jin ta san amsar, shi ya sa ba ta tambaya ba.

Na buga miki duka ashirin da shida a firintar shago, suna cikin wannan ambulan. Na yi wa yayanki nasa.

Kawunki

24 ga Mayu

Kawu,

Sun iso. Lafiyata ƙalau, kada ka damu da yadda rubutun ya karkace.

Na karanta su a jere, na ɗauki hutun yini ɗaya. Ba zan ce maka ba komai ba, domin ka san ƙarya ne. Na yi kuka, na kuma yi fushi, na rasa wanda zan yi fushin da shi. Na gwada da kai, bai zauna ba. Kai ka riƙa kai ni makaranta a bayan babur ɗin nan har tsawon shekara shida bayan rasuwarta. Na gwada da ita, don me ba ta yi magana ba, shi ma bai zauna ba.

Na tuna watannin nan na karayarka. Ban san komai ba a lokacin, amma na tuna kana buga adireshi da yatsa ɗaya na hagu, tana ce maka kafin ka gama mai wasiƙar ya isa garin da ƙafa. Tana dariya sosai a lokacin. Na juya abin a kaina ta kowace fuska, ban ga mace mai baƙin ciki a wurin ba. Wataƙila ta iya ɓoyewa. Wataƙila kuma ta duba ta zaɓa, tana ganin akwai baɗi. Ba mu da hanyar sani, ni da kai, kuma ba na so ka ƙarasa shekarunka kana amsa tambayar da ba ta yi maka ba.

Abin da ya fi tsaya min shi ne ta huɗu cikin takardun neman makarantar. A nan ta rubuta cewa abin da ke ba ta haushi shi ne kwamfuta ba ta san haruffanmu ba, sai an yi mata wayo, kuma tana so ta koyi yadda za a gyara wannan. Kawu, a sati biyu na rubuta kugiya, ina gunaguni, tsakanin wasu ayyuka. Ban san aikin wa nake yi ba.

Kafin ka taɓa komai, ka kwafe nata a filashi biyu, ɗaya a gida, ɗaya wurin Yaya. Na mutane kuma kai ka san abin da ya dace. Ina zuwa ranar huɗu ga Yuli. Na san ba zan tarar da shagon ba. Ka kai ni wurin duk da haka.

'Yarka, Tawada

1 ga Yuni

Tawada,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Inna ta fara gyara miki ɗaki tun yanzu, ta fitar da kayana daga ciki ta zuba a baranda.

Na yi yadda kika ce, filashi biyu. Shekaranjiya da safe na je shagon a karo na ƙarshe. Na cire na mahaifiyarki daga foldar, saura na mutane, na asali da gyararru. Mutum uku daga cikin masu su suna raye kuma na san gidajensu. Na buga wa kowa tasa na kai masa a rufe. Ɗaya ta karɓa ta sa a cikin mayafi ba ta buɗe ba. Ɗaya ya ce bai taɓa rubuta wasiƙa a shagona ba, na ce to na yi kuskure, na dawo da ita na yaga. Na ukun ya karanta a gabana, ya ce, "Ashe har roƙonta na yi." Matar da ya rubuta wa tana cikin gidan tana yi wa jikokinsu faɗa.

Sauran babu wanda zan kai wa. Wannan umarnin ba sai kin koya min ba, da shi muke share faifai tun kina rarrafe. Na shiga foldar, na buga shi. Taga ta tambaye ni ko na tabbata. Akwai masu neman aiki a ciki, da masu ba da haƙuri, da wata tsohuwa da ke zuwa duk wata ta rubuta wa ɗanta, ba ta taɓa samun amsa ba. Ni kaɗai na rage da na san sun zauna a bencin nan. Na ce eh. Haka na yi wa na cikin tsohuwar kwamfutar. Faya-fayan kuma na bi su da almakashi ɗaya bayan ɗaya, mai agogo yana riƙe min buhu, bai tambaye ni komai ba.

Na kulle ƙofa da azahar, duk da babu abin da ya rage a ciki. Jiya suka zo da motarsu. Ban je ba. Mai agogo ya je, ya ce namu bai ɗauki minti goma ba.

Ki sanar da ni motar da za ki shigo, da lokacinta. Ki rubuta a fili, kalma da kalma. Zan zo tasha da kaina.

Kawunki